Ƙarar tiyo a mashayar dabbobi: mafarinta da maganinta

Jawabi ga makiyaya da ƴan komitin ruwa na Tasawa da Mayahi

  

Maganarmu ta yau a kan ƙara ce. Wani zai ce, mi ya haɗa ma'aikatar kiwo da ƙarar tiyo? To, ku dakata ku ji.

Iyayenmu da igiya da wasaki suka shayar, jaki ko raƙumi na ja, ana zubawa cikin kwamin icce. Bayan an kafa Ofedes a 1963 sai rijiyoyin siminti suka yawaita. Yanzu kuwa, daga Urafan har Kanambakashe da garuruwan Gulbin Kaba, mashayu da dama sun koma foraj, da shato, da tiyo, da kwamin siminti. Aiki ya yi sauƙi. Amma tiyo shina ƙarƙashin ƙasa, ido ba ya ganin ciwonsa. Kunne ne ke jin shi. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka tiyo ba ya kuka banza.

Ƙarar tana da illa biyu. Ta farko, dabba ta fi mutum jin kunne, kuma ƙarar da ta zo ba zato tana firgita ta. Kun san halin jajayen shanun Bororo da raƙuma: guda ta zabura, duk garke ya watse. A bazara saniya na bukatar lita 30 zuwa 40 a yini, tunkiya ko jar akuyarmu lita 4 zuwa 5. Wadda ta sha rabi ta gudu, nononta ne zai ragu. Illa ta biyu, ƙarar alama ce ta ɓarna mai zuwa. Ga iri huɗu da kuke ji.

1. Bugu kamar an doka guduma

Mai fanfo ya rufe makullin ruwa farat ɗaya, sai ku ji "gau!" cikin tiyo. Ga dalili. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Tiyo mai lamba 63, in tsawonsa ya kai metir 200, ruwan da ke ciki ya kai kilo 500, wato buhu biyar na hatsi. Ku ɗauka amalanke ce da buhu biyar tana gudu, aka tsayar da ita da gini. Wannan bugun shi ke tsage mahaɗai, ya fasa tiyon roba.

Magani ba ya cin ko dala. A rufe makulli sannu sannu, ana ƙirga ɗaya har goma. Makulli mai hannu guda, wanda ake juyawa sau ɗaya, shi ya fi kawo wanga bugu, sai a ninka hankali da shi. Kada a bar yara su yi wasa da shi. Tiyon da ke rawa a waje kuma a ɗaure shi ga gini.

2. Tari da tofi

Ruwa na fitowa yana yankewa, yana tofi kamar mai tari. Wannan iska ce. Ko dai ruwan shato ya yi ƙasa har bakin tiyo na zuƙar iska, ko kuwa iskar ta taru inda tiyo ya hau tudu. Iskar da ta maƙale tana tare hanya, kwami ya daɗe bai cika ba, layin garke ya yi tsawo, rai ya ɓaci. Faɗan mashaya da yawa daga jira yake farawa.

Kada ku bari shato ya ƙare ƙaf kafin a tada inji. Ku bar aƙalla taƙi biyu na ruwa bisa bakin tiyo. A kan tudu, mai gyaran fanfo ya sa ƙaramin makulli na fidda iska, a buɗe shi da safe har ruwa zalla ya fito.

Amma ku lura da wannan. In tofin daga bakin foraj ɗin kansa yake, musamman a watan Afrilu da Mayu, mai yiwuwa ruwan ƙasa ya sauka har injin na shan iska. Inji mai zama cikin ruwa, ruwan ne ke sanyaya shi. In ya yi aiki a bushe, ƙonewa zai yi. Ku kashe shi nan take, ku sanar da ma'aikatar ruwa.

3. Ƙarar zubowa cikin kwami

Ruwan da ke faɗowa daga sama yana fantsama, yana tada kumfa da laka. Wasu sai su tsoma bakin tiyo cikin ruwan kwami. Ƙara za ta mutu, gaskiya ne, amma kada ku yi haka in mutane da dabbobi shato guda suke sha. Ranar da ƙarfin ruwa ya faɗi, tiyon na iya zuƙe ruwan kwami da yawun dabbobi ya maida shi fanfon da mata ke ɗiba. Abin yi shi ne a sa gwiwa a bakin tiyo, a karkata ta ruwan ya bi jikin ginin kwami ya gangara. A bar tazarar yatsa uku tsakanin bakin tiyo da iyakar cikar ruwa.

4. Ɓulɓul a magudana

Wannan kuna jin ta ranar wankin kwami, in an cire toshiya. Ku gwada a gida: ku kifa kwalba cike da ruwa, za ta yi ɓul-ɓul-ɓul, don ruwa na son fita, iska na son shiga, ƙofa guda. Ku karkata ta kaɗan, sai ruwan ya fita shiru. Haka magudana take. A ba iska hanyarta:

- Tiyon magudana ya zama babba, lamba 90 ko 110.
- Ya gangara santimetir 2 a kowane metir, kamar kaurin yatsa guda, ba tare da ciki ko lanƙwasa ba.
- Kusa da kwami a tada ɗan guntun tiyo tsaye, ya ɗara bakin kwami tsawo, a rufe kansa da raga. Shi ne hancin magudana.
- A sa raga a bakin shiga don tare kashi da kara.
- Ƙarshensa ya zuba cikin rami mai duwatsu, ta gefen gangare, taki 15 ko fi daga rijiya. Kada bakin ya nutse cikin taɓo.

Magudanar da ta toshe ita ke haifar da caɓi kewaye da kwami. Cikin caɓin nan kofato ke ruɓewa, tsutsar ciki ke yaɗuwa, sauro ke haihuwa. Kuɗin allura da ƙwayoyi sun fi kuɗin ragar ƙarfe nesa ba kusa ba.

Abu guda kuma: tiyon roba ba ya son rana, ba ya son kofato. A binne shi zurfin santimetir 60 ko fi.

Jama'a, dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da haƙƙin makiyayi na kai dabbobinsa ga ruwa. Amma doka ba ta ɗinke tiyon da ya fashe. Ranar da mashaya ta tsaya, baƙo da ɗan gari duk tafiya ce ta same su, da ramammun shanu, cikin zafin bazara.

Don haka, ƴan komiti, ku ɗora ma mai tsaron fanfo wannan aiki: kowace safiya, kafin garke na farko ya iso, ya buɗe ruwa ya tsaya ya saurara, daga shato har ramin magudana. Abin da ya ji ya faɗa ma shugaban komiti ranar nan, a rubuta cikin littafi. Ku kuma makiyaya, in kun ga dabbobinku na ja da baya a bakin kwami, kada ku sa sanda. Ku kasa kunne tukuna.

Mai tambaya ya zo ofishin kiwo na Tasawa ko na Mayahi, ko ya tari ma'aikacinmu ranar kasuwa. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare mana dukiyarmu.