Siyasar Asali a Jam'iyyar 'Yan Mazan Jiya ta Ingila



A zaɓen 4 ga Yuli, 2024, Jam'iyyar 'Yan Mazan Jiya ta Ingila ta sha kayen da ba ta taɓa shan irinsa ba. Cikin kujeru 650 na majalisa, 121 kurum ta tsira da su, bayan shekara 14 tana mulki. A watan Nuwamba 'ya'yanta suka ɗora Kemi Badenoch bisa shugabanci. An haife ta a Landan a 1980, ta tashi a Ikko, ta koma Ingila tana da shekara 16.

Ita wannan baiwar Allah ta yi suna wajen sukar siyasar asali. A ganinta da aiki ake auna mutum, ba da launin fata ba. Madalla. Jam'iyyar ma tana da abin tinƙaho, don ita ta fid da Disraeli, ɗan asalin Yahudawa, ya zama firayim minista a 1868.

To, amma ku dubi abin da ya biyo baya. A Disamba 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya zarge ta da aibata Nijeriya. Sai ta shaida wa wata mujalla cewa ita Bayarabiya ce, babu abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, har ta jingina su da Boko Haram. Wannan mene ne in ba siyasar asali ba? Kuma wa ya kai mutanen Barno da Yobe binne gawa a wannan fitina? A 2025 kuwa ta ce ta daina ɗaukar kanta 'yar Nijeriya.

Ni a nawa ganin, tsoro ne ya kawo haka. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage, mai ƙyamar yawan baƙi, ta sami ƙuri'a fiye da miliyan 4 a 2024, da yawansu na tsofaffin magoya bayan 'Yan Mazan Jiya. Don a maido su, ya zama tilas shugabar ta riƙa nuna ita 'yar Ingila ce ta gaske, abin da ba a taɓa nema daga David Cameron ba.

Alhali kuwa mutanen Ingila ba fasfon kowa ya sa suka juya wa jam'iyyar baya ba. Tsadar rayuwa suka gani, da dogon jira a asibiti, da alkawarin rage baƙi da aka yi ta saɓawa, da kasafin kuɗin Liz Truss na 2022 wanda ya hargitsa kasuwa, ya kuma kawar da ita cikin kwana 49.