Warjawa da Duwatsun Ƙasar Kudu



Duk wanda ya karanta tarihin Turai ya san mutanen Gol, wato Faransa ta yau, waɗanda Yuliyas Kaisar ya yaƙa daga shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa. Yawancin abin da aka sani game da ƙabilunsu da iyakokinsu daga alƙalamin wanda ya ci su da yaƙi ya fito. To, mu ma muna da irin wannan a kudancin Jigawa, wajen Birnin Kudu da Gwaram har zuwa cikin Bauchi, inda Warjawa suke zaune tun da daɗewa.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ce Sarki Yaji, da ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kai yaƙi Warji bayan ya ci Santolo. Marubucin fa ɗan fada ne. Yaƙin ya dame shi, bai kula da gonakin mutanen ko tsarin garuruwansu ba. Harshen Warjanci kuwa ɗan'uwan Hausa ne, dukansu daga dangin harsunan Cadi suke, ko da yake Bahaushe ba ya jin sa.

Sai shaida ta biyu, wadda ba ta bi ta fada ba. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu a jikin dutse, wanda Bernard Fagg ya yi bincike a kansa a shekarun 1950, tare da duwatsu masu amo kamar kuge in an buge su. Ku dubi shanun da kyau: ba su da tozo. Ba su ne shanun da Fulani suke kiwo a wurin yau ba, wato makiyayan da suka zana su sun riga garken da muka sani. Amma kada ɗoki ya sa mu ce Warjawa ne suka yi zanen don kawai suna kusa; zama kusa da dutse ba hujja ba ce.

A shekarun 1840 Malam Hamza ya bar Tsakuwa saboda rigimar haraji, ya shiga duwatsun Ningi. Daga nan hare-hare suka yawaita, Birnin Kudu da Gwaram suka zama garuruwan bakin daga, mutane suka yi ta ƙaura. Saboda haka taswirar mazaunan yau ba ita ce ta zamanin Yaji ba. Ku da za a tura aiki ƙananan hukumomin nan, ku tambayi tsofaffi sunayen kufai da na duwatsu da Warjanci, ku rubuta su yadda suka faɗa.