Ciwo A Baya, Kuka A Ƙafa: Jawabin Kwamitin Lafiya A Taron Wata-Wata



Yau za mu yi magana ne a kan sagewar ƙafa da ke damun dattawanmu da yawa. Mutum ya tashi daga Sabo zai je Mokola, kafin ya isa ƙafa ta yi nauyi ta mutu, kamar kiyashi na yawo a ciki. Ya zauna ɗan lokaci, sai ta sake shi. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce an taka sammu. To jama'a, sau da yawa ciwon a ƙashin baya yake.

Ga yadda abin yake. A ƙugu akwai gaɓoɓin ƙashi guda 5, da rami a tsakiyarsu inda jijiyoyin ƙafa suke bi. Idan shekaru suka ja, musamman bayan 50, ramin nan yakan tsuke ya matse jijiyoyin, galibi tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5. Miƙewa tsaye na ƙara tsuke shi, sunkuyawa kuwa na ɗan buɗe shi. Shi ya sa za ka ga tsoho ya kasa tafiya, amma yana tuƙa keke lafiya lau.

To, mene ne abin yi? A riƙa tafiya kaɗan-kaɗan ana hutawa, kada a kwanta gaba ɗaya. Safe da yamma a kwanta rigingine a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji a hankali. Mai ƙiba ya rage, ɗan dako ya sassauta kaya. Ƙafar da ta sage ba ta jin ƙuna ko ƙusa, don haka a daina gasa ta da garwashi ko tafasasshen ruwa, a bar yawo ba takalmi, kuma a duba tafinta kullum. Tsaga da ƙaho a ƙafa ba sa kaiwa inda ciwon yake. Haɗin ƙwayoyin 'yan talla kuwa, yawan shansa na iya gyambon ciki, ya taɓa ƙoda.

Amma fa ciwon sukari ma yana kashe ƙafa, sai dai nasa bai damu da zama ko tsayuwa ba, kuma ya fi tsananta da dare. Likita ne zai bambance, da awon jini da hoton MRI. Ga UCH nan kusa da mu, ga kuma asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko. Mutane da yawa suna samun sauƙi da magani da motsa jiki, ba kowa ake yi wa aiki ba.

Sai babbar magana. Idan fitsari ya ƙi fita, ko shi ko bayan gida ya zubo ba a sani ba, ko matsematsi da mazaunai suka sage, ko ƙafa ta fara jan ƙasa farat ɗaya, to a tafi asibiti a ranar. Mun san halinmu na "sai na je gida a duba ni." Kafin mota ta kai Kano, jijiyar na iya mutuwa, kuma ba lalle ta dawo ba.

Don Allah wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba, musamman iyayenmu mata da ke cikin gida. Allah ya ƙara mana lafiya.