KWANA GOMA SHA BIYU DA ROBA A JIKINA

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ta gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)



Da farko ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, sannan ina gode wa kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Waɗanda muka zauna aji ɗaya sun san ko ranar muhawara a bencin baya nake laɓewa. Kuma ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar gwamnati ce, aikina fayil da biro. Abin da ya tsayar da ni gabanku yau shi ne, shekara biyu da suka wuce an yi mini tiyatar sankarar mama, an cire nonona na hagu tare da wasu ƙwayoyin kaluluwa na hammata. Da yawanku yau kuka fara ji, don na ɓoye. Yanzu na gane ɓoyon bai amfane ni da komai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka samu da wannan cuta a duniya. Saboda haka da wuya a ce a zauren nan babu wadda wata rana za ta yi jinyar kanta, ko ta uwa, ko ta 'yar'uwa. Ana yawan yi mana bayani a kan duba nono da zuwa asibiti da wuri, kuma haka ya kamata. Amma ban taɓa jin wanda ya faɗa mana abin da ke jiran mace idan an sallame ta ta koma gida ba. A kan wannan nake son in yi magana, musamman robar nan da ake barin mutum da ita.

Idan an yi irin wannan aiki, wuri yakan buɗe a ƙarƙashin fata, jini da ruwan jiki su riƙa taruwa a ciki. Don haka likita yakan sa siririyar roba, kanta ɗaya a cikin mikin, ɗayan kuma ya fito ta gefen ƙirji, a ɗaure shi da ɗinki ɗaya. A ƙarshenta akwai abin tara ruwa. Wani ɗan gora ne mai laushi da ake matsewa, wani kuma kwalbar roba ce da aka riga aka zuƙe iskar cikinta. Ni gora aka sa mini. Rashin iskar nan shi ke jawo ruwan waje, fata ta samu ta manne da nama, miki ya warke. Yawanci robar takan yi mako ɗaya zuwa uku. Tawa kwana goma sha biyu ta yi, tara daga ciki a gida.

Ranar da za a sallame ni, nas ta nuna mini yadda ake yi. Na riƙa cewa "to, to," alhali hankalina yana kan 'ya'yana. Wannan ne kuskurena na farko. Shawarata ita ce, ranar sallama ki je da wadda za ta yi jinyarki, ta gani da idonta, ta gwada da hannunta a gaban nas, ku kuma karɓi lambar wayar da za ku kira ko da tsakar dare ne. Ni ƙanwata ce ta cece ni, don ita ta saurara.

Ga yadda muke yi safe da yamma. A wanke hannu da sabulu. A buɗe murfin gorar, a juye ruwan cikin kofin awo ba tare da bakin gorar ya taɓa komai ba. A goge bakin da auduga mai sifirit. Sannan a matse gorar har ta shafe, a rufe murfin tana a matse. Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Idan gora ta cika da iska ta yi ɓul-ɓul, to ta daina aiki, rataye kawai take. Daga nan a rubuta mililita nawa aka samu, da lokaci, da launin ruwan, a zubar a masai, a sake wanke hannu. Mai kwalba kuwa galibi ba a buɗewa a gida, alama ake yi a jikinta kullum a lokaci ɗaya.

Wannan rubutu kada a raina shi. Malamarmu ta lissafi tana nan zaune, ta sha fama da ni a kan jadawali, to Malama, ranar amfaninsa ta zo. Littafin makaranta na 'yata na ɗauka na ja layi huɗu. Da shi likita ya yanke shawarar cire robar, domin likitoci da yawa sai ruwan ya sauko zuwa kamar mililita 30 a yini da kwana suke cirewa. Launi ma yana magana. Da farko ja ne, sai ya koma ja-ja mai haske, daga baya ya zama ruwan ɗorawa garai-garai. Wannan sauyi alamar lafiya ce.

Yanzu bari in faɗi matsalolin da na gamu da su. A dare na uku da komawata gida na farka na ji rigata sharkaf, ga wuta an ɗauke. Muka haska tocila, gora babu komai, amma ruwa na tsiyaya ta gefen inda robar ta shiga jiki. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka ɗinki ne ya ɓalle. Ƙanwata ta bi robar da haske, sai ga wani siririn gudan jini kamar zare ya toshe hanya. Ta riƙe robar gam da hannu ɗaya kusa da fata don kada ta ja ɗinkin, ta sa yatsu biyu na ɗayan hannun ta matse ta zuge ƙasa a hankali, kamar mai tatsa, yadda nas ta nuna mata. Sau uku ta yi, ruwa ya ci gaba da sauka. Muka canja bandeji da sabo, da safe muka buga waya muka sanar. Amma ina jan kunne, wadda ba a nuna wa tatsar nan a asibiti ba, ta tambaya kafin ta gwada. Haka kuma kafin a ce roba ta toshe, a duba ko lanƙwashewa ta yi, ko an kwanta a kanta.

Matsala ta biyu ita ce ja. Robar na maƙalewa a hannun ƙofa, a gefen gado, ga autana mai shekara biyu da ya ɗauke ta abin wasa. Zafin jan ɗinkin nan sai wanda ya ji. Maganin da muka samu, tela ta ɗinka mini ɗan aljihu a cikin riguna biyu masu maɓalli a gaba, gorar ta zauna ciki. Fil ma yana yi, muddin a kunnen gorar aka soka, kada a huda robar. A kula gorar ta kasance ƙasa da mikin kullum. Barci kuwa rigingine nake yi, da matashi a ƙarƙashin hannun. Wanka da tsumma mai tsabta nake yi, ina kauce wa wurin, har likita ya ba da izini. Salla a zaune na yi ta, bayan na tambayi malami ya tabbatar mini addini ya yi sauƙi ga mara lafiya.

Idan kuwa robar ta zame ta fito, ko rabi ko duka, kada a kuskura a mayar da ita ciki. A rufe wurin da bandeji mai tsabta a nufi asibiti.

Matsala ta uku ita ce ta fi ba ni wahala, wato 'yan dubiya. Allah ya saka musu da alheri, amma kowa da maganinsa. Wata ta ce a gasa wurin da ruwan zafi kamar mai jego, wata ta kawo man shafawa, wata ta kawo garin magani a barbaɗa. Jama'a, fatar wurin tiyata a mace take, ba ta jin zafi sosai, ana iya ƙona ta mutum bai sani ba. Kuma ramin robar nan ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jiki, duk abin da aka shafa yana iya shigar da ƙwayoyin cuta. Na koyi in karɓa in yi godiya in ajiye. Ƙin bin maganar manya yana da nauyi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, waɗanne abubuwa ne ba a jira gari ya waye a kansu? Ina roƙon ku rubuta. Na ɗaya, jini ja wur ya dawo bayan ruwan ya fara haske, ko gora ta riƙa cika da sauri. Na biyu, ƙirji ko hammata ya kumbura nan da nan, ya yi tauri, yana zafi. Na uku, zafin jiki ya kai digiri 38, ko rawar sanyi. Na huɗu, wurin ya yi ja yana faɗaɗa, ko ruwan ya yi kauri, ya gurɓace, yana wari. Na biyar, numfashi ya yi wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. A kan zazzaɓi ina ƙara jan hankali, domin mu nan duk zafin jiki sunansa zazzaɓin cizon sauro, sai a aika kemis. Mai roba a jiki likitanta ya kamata ya fara ji. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, a saya a ajiye.

Cire robar da na yi ta fargaba bai ɗauki minti biyu ba. Sai dai bayan mako ɗaya na ji hammatata ta cika, ruwa na motsi a ciki kamar salka. Na kwana ina kuka, na ɗauka ciwon ne ya dawo. Ashe ruwan ne ya sake taruwa, abin da ke samun mata da yawa bayan wannan aiki. Likita ya zuƙe da sirinji sau biyu, ya wuce. Da an gaya mini tun farko, da ban yi wannan kukan ba. Motsa hannu kuma da aka koya mini na riƙe shi, kaɗan-kaɗan, ban ɗaga sama da kafaɗa ba sai da aka ce in ɗaga, ban kuma ɗauki bokiti ko yaro da hannun ba. Yau ga shi ina ɗaura ɗankwalina da kaina.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga wannan ƙungiya. Muna da likitoci da nas-nas a cikinmu. Me zai hana a tattara sunayen masu son taimakawa a kowane gari, ta yadda 'yar'uwar da aka sallama za ta samu wadda za ta leƙa ta a makon farko? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Iyayenmu maza da ke nan kuma, ku gaya wa 'yan'uwanku, riƙe tocila da rubuta adadi a littafi ba ya rage wa namiji komai. Maigidana ya yi, kuma ba zan manta ba.

Wadda duk ta ji wani ƙullutu a jikinta tana ta jinkiri saboda tsoro ko kunya, ta same ni bayan taro, ni zan raka ta asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa malamanmu da alheri.