Yaushe Zai Komo? Ɗalibin Ƙasar Waje a Idon Iyayensa



An sha yin magana a kan ɗalibin da ya tafi neman ilmi wata ƙasa: sanyin da ya tarar, da abincin da ya kasa ci, da takardar shaidar da ya samo. Tun sa'ad da Alhaji Abubakar Imam ya ziyarci Ingila a 1943, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin da ake ji na wanda ya tafi ne. Wanda aka bari zaune a zaure, da wadda aka bari a tsakar gida, ba safai ake tambayarsu ba. Su ne abin dubawa a wannan lacca.

Hanya mafi sauƙi ta gane zuciyar iyaye ita ce a saurari kalmomin da suke amfani da su. Bahaushe yana da sunayen tafiya iri-iri, kuma kusan kowanne yana ɗauke da lokacin komowa a cikinsa. Ɗan ci-rani yakan fita bayan kaka, ya komo da faɗuwar ruwan fari. Falke yakan tafi Gwanja, ko da zai shekara, a ƙarshe ya iso da goro. Almajiri yakan tafi gabas, watau Barno, ya komo in ya sauke. Tafiya ɗaya ce ba ta da ranar komowa, ita ce wadda ake kira shiga uwa duniya, kuma babu uban da zai so a jingina wa ɗansa ita. Saboda haka ne za a ga dattijo, ɗansa ya shekara goma sha biyar yana aikin likita a Ingila, ya yi aure, ya sayi gida, amma in an tambaye shi sai ya ce, "Yana can wajen karatu." Ba rashin sani ba ne. Dattijon ya san kome. Ya zaɓi kalmar da ke da sauka a ƙarshenta ne, domin muddin ana kiran abin karatu, to, akwai ranar da za a gama.

Wannan zullumi ba da boko ya zo ba. Tun tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta da masauki a Alƙahira saboda ɗalibansu. Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, ya bar Katsina ya yi hajji, ya zauna Misira yana koyarwa, ya rasu can wajen 1741 a gidan Hasan al-Jabarti. Tarihi ya adana sunayen littattafansa, bai adana abin da danginsa suka ji ba da shekaru suka yi ta wucewa.

Da aka fara tura 'yan Arewa Ingila, al'amarin ya zo wa iyaye da ɗan sauƙi ta fuska ɗaya. Malam Abubakar Tafawa Balewa ya tafi Jami'ar Landan a 1945 ya komo a 1946. Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. Gwamnati ke biya, wa'adin gajere ne, aiki kuma yana jiran mutum a gida. Tsoron iyayen wancan zamani shi ne kada yaro ya bar salla, ko ya koyo shan giya, ko ya komo da baturiya. Ba su cika tunanin zai ƙi komowa ɗungum ba, don babu abin da zai riƙe shi can.

Yanzu kuwa abin ya juya. Sau da yawa uba ne ke biya, wani da kuɗin sallamarsa daga aiki, wani da filin da ya sayar. A watan Yuni na 2023, da aka saki farashin naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haye naira 1,500 kafin ƙarshen Fabrairu na 2024. Uban da ya yi lissafin shekara uku ya wayi gari kuɗinsa na shekara ɗaya ne. In yaron ya gama, ya ce zai tsaya ya yi aiki ya mayar da abin da aka kashe, ya kuma ɗauki nauyin ƙannensa, da wane baki uban zai ce a'a? Nan ne tsaka mai wuya take. Kuɗin da ake aikowa kowane wata shi ke biyan maganin uban, shi ne kuma dalilin da ya sa ɗan ba ya nan ya kai shi asibiti.

Abin da ya ƙara wa wannan nauyi shi ne kunya. A al'adar Hausa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane, uba ma haka. Galibi kuma ɗan farin ne ake fara turawa. To, ta yaya za a ce ana kewar wanda ko sunansa ba a faɗa? A zamanin wasiƙa abin ya yi daidai da al'ada: uba ya kira wani yaro mai boko ya yi masa shifta, a jera gaisuwa, a ce kowa lafiya, a rufe da addu'a. Da kaset ya zo, aka riƙa ɗaukar murya a ba matafiyi, uwa takan yi maganarta kamar da ƙannensa take yi, shi kuwa ya gane. Wayar hannu mai nuna fuska ta rushe wannan shamaki. Ga uwa ga ɗan fari, ido cikin ido, abin da ko suna gida ɗaya ba za su yi ba. Shi ya sa za a ji hirar ba ta wuce tambayoyi uku ko huɗu: ya ci abinci, akwai masallaci kusa, ƙarfe nawa ne a can. Sai ta miƙa wa ƙanwarsa wayar, ta koma gefe tana saurare. Ɗan da ya saba da mutanen da ke faɗin ƙauna da baki yana iya ɗaukar wannan a kan sanyin zuciya. Ya yi kuskure. Tambayar abincin nan ita ce iyakar abin da al'ada ta yarje mata, kuma ta zuba kome a ciki.

A kan jikoki ne dattawa suka fi buɗe baki, don babu kunya tsakanin kaka da jika. Wasa ne ke tsakaninsu: kaka mace ta kira jikanta maigida ta nemi cefane, kaka namiji ya kira jikarsa amarya ya kushe tuwonta. Wasan nan da harshe ake yinsa, ba ya fassaruwa. In jika ya tashi bai iya Hausa ba sai "sannu" da "lafiya lau", kakar ta yi asarar dangantaka guda ɗaya da aka ba ta izinin sakin jiki a cikinta. Laifin a nan, gaskiya, na iyayen yaran ne, waɗanda ke jin Hausa sarai amma suka ga wahalar yin ta a cikin gida.

Akwai kuma ranar da nisa ke zama tsoro tsagwaronsa. A ran 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum, inda ɗaliban Arewa da yawa ke karatu. Aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Misira, suka yi kwanaki a can cikin hamada kafin a bar su su shiga, sa'an nan aka ɗauko su a jirgin sama a farkon Mayu. Iyaye da dama sun zaɓi Sudan ne don ƙasar Musulmi ce, ga sauƙin kuɗi, suna ganin kamar gida.

Amma abin da ke can ƙarƙashin tambayar "yaushe zai komo" shi ne jana'iza. Musulmi ba ya jinkirta mamaci. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi. Babu jirgin da zai ɗauko mutum daga Amurka ko Malesiya ya iso Kano a cikin wannan lokaci. Uba ya san haka tun ranar da ya raka ɗansa filin jirgi, ya san wani ne zai shiga kabari ya karɓe shi, ɗan kuwa sai dai ya tarar da zaman makoki, in an yi sa'a kafin sadakar uku. Ba ya faɗin wannan ga ɗan, don kada ya karya masa gwiwa. Abin da yakan yi shi ne, duk sa'ad da yaron ya zo hutu zai koma, ya kira shi ɗaki su biyu, ya nuna masa takardun gona da na gida, ya gaya masa waɗanda ke binsa bashi da waɗanda yake bi, ya ce ya yafe masa duniya da lahira. Sa'an nan ya fito ya ce wa direba a yi sauri kada jirgi ya tashi.