Suna da Mazauni: Yadda Lambara Za Ta Kafa Gidanta a Intanet

 An nemi mu yi magana ne a kan yadda mu ɗaliban da muka fito daga Lambara da sauran garuruwan ƙasar Shagari da Boɗinga za mu sami wurin kanmu a intanet, inda za mu riƙa buga abin da muka rubuta game da garuruwanmu. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, a cikin wannan aiki suna shi ne jari. Na'ura kuwa, ko wacce aka samu ta yi.

A halin yanzu duk wanda ya tattaro tarihin unguwarsu daga bakin dattawa, ko ya rubuta kukan manoma a kan taki, ko sanarwar neman shiga makaranta, sai ya kai Facebook ko WhatsApp ya zuba. Ba mu ce wannan laifi ne ba, domin a can jama'a su ke. To, amma fa zanen aro ba ya rufe katara. A shekarar 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka yi shekaru suna ajiye rubuce-rubucensu. A 2019 MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015, kimanin miliyan 50, sun salwanta. A nan gida kuwa, an dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni 2021 har zuwa 13 ga Janairu 2022. Wanda ke zaune a gidan wani ba shi da ta cewa ranar da aka kulle ƙofa, ba shi kuma da hanyar shaida wa masu nemansa inda ya koma.

Bari mu duba yadda sunan ke aiki. Kowace kwamfuta da ke kan intanet tana da lamba, kuma da lambar nan ne 'yan'uwanta ke samunta. Da ya ke haddar lambobi wahala ce ga ɗan Adam, sai a 1983 wani masani a Amurka, Paul Mockapetris, ya tsara hanyar ɗaura suna a kan lamba. Ɗauki sunan jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, watau udusok.edu.ng. Na'ura tana bin sa ne daga dama zuwa hagu, kamar mai karatun ajami. Ta fara tambayar ina mai riƙe da ng, watau Nijeriya. Shi ya nuna mata sashen edu na manyan makarantu. Daga nan a kai ta ga mai udusok, shi kuwa ya ba ta lambar kwamfutar. Kamar baƙo ne ya sauka wurin uban ƙasa, aka tura shi ga hakimi, hakimi ya haɗa shi da mai unguwa, mai unguwa ya nuna masa gida. Amfanin wannan tsari a gare mu shi ne, mai suna yana iya sake lamba duk ranar da ya so. In mai ba mu hayar na'ura ya tsawwala kuɗi ko ya rufe, sai mu kwashe kayanmu mu koma wani wuri, mu juya sunan can, mai karatu bai ma san an yi ƙaura ba.

Sai dai akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ba a sayen suna a intanet, haya a ke yi. 'Yan'uwanmu na sashen shari'a sun san Dokar Filaye ta 1978, wadda ta damƙa ƙasa a hannun Gwamna, mai fili kuwa takardar zama ce kurum a ke ba shi, galibi ta shekara 99. To, na intanet ya fi wannan tsanani ƙwarai, domin shekara-shekara a ke biya, kuma a ƙarƙashin com ba a karɓar kuɗin fiye da shekara 10 a gaba. In wa'adi ya cika ba a biya ba, akan ɗaga ƙafa na 'yan makonni, sa'an nan kwana 30 na fansa da tara mai nauyi, daga nan sai a saki sunan, duk wanda ya riga kai hannu ya ɗauka. Kada wani ya ce sai sakarai ke mantawa. A watan Disamba 1999 kamfanin Microsoft, da duk ma'aikatansa, ya manta bai biya kuɗin passport.com ba, har masu amfani da Hotmail suka kasa buɗe wasiƙunsu, sai wani mutum daga waje ya biya dala 35 aka sami sauƙi.

A ƙarƙashin wane reshe za mu yi rajista? Mu dai a ganinmu ng ya fi dacewa da mu. An ware wa Nijeriya waɗannan haruffa biyu tun 1995, kuma ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke riƙe da littafin rajistar. Ba wurinta a ke zuwa kai tsaye ba, ta hannun dillalan da ta amince da su a ke bi. Reshen edu.ng na manyan makarantu ne, gov.ng na hukuma, ƙungiya irin tamu kuwa org.ng ne gidanta. Dalilinmu ba kishin ƙasa kaɗai ba ne. Farashin com da dala a ke yanka shi, kuma duk mun ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ƙungiyar da ke rayuwa da karo-karon ɗalibai ba ta iya ɗaukar bashin da ke kumbura da kansa.

Ga wani ɗan abin takaici da ya shafi harshenmu. Asalin tsarin bai san komai ba sai baƙaƙen Turanci 26, da lambobi, da karan ɗori. Tun 2003 an samar da hanyar shigar da haruffan wasu harsuna, amma ba kowane littafin rajista ke karɓarsu ba, kuma ba kowace waya ke da ƙ da ɗ da ɓ a kusa ba. Saboda haka kafa da ƙafa duk ɗaya ne a adireshi. Mu mutanen Lambara mun tsira, sunanmu ba shi da lanƙwasa ko ɗaya. 'Yan Boɗinga kuwa sai haƙuri. A zaɓi suna gajere, wanda in an faɗe shi a waya ko a rediyo ba sai an maimaita ba, a kuma zo da na biyu da na uku ko da an riga an kama na farko.

Sai batun mazauni, watau kwamfutar da ba ta barci, wadda masu sana'ar ke kira saba. Mun san akwai masu sha'awar a ajiye ta a cikin gari, a ɗakin wani daga cikinmu, da farantin hasken rana da batir. Sha'awa ce mai kyau, kuma ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi ba ta cin wuta sosai. Amma a tuna da zafin bazara da ƙurar hunturu. A tuna kuma kamfanonin waya sukan haɗa mutane da yawa a kan lamba guda, ta yadda na waje ba ya iya ƙwanƙwasa ƙofarka kai tsaye. Ga shi kuma a watan Satumba 2021 an katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Ba mu san gawar fari ba ne in muka ɗauka hakan ba zai sake faruwa ba. Shawararmu ita ce a yi hayar ɗan sashe na saba a inda wuta ba ta yankewa, amma makulli yana hannunmu. A ɗora mata manhaja ta kyauta irin WordPress, wadda ta fito tun 2003, a kuma karɓi takardar tsaro daga Let's Encrypt, su ma ba su karɓar ko kwabo. Wannan aikin yini guda ne ga ɗalibin kwamfuta na aji biyu.

Abin da ba na yini guda ba shi ne adanawa. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, nan kusa da mu. Littattafan da aka wallafa a wannan zamani sun iso gare mu ne domin almajirai sun kwafe su da hannu, kwafin ya bazu gida-gida, in gara ta ci na wannan, na wancan yana nan. Haka za mu yi: duk wata a sauke kwafin komai, ɗaya a hannun magatakarda, ɗaya a can gida wurin wani malamin makaranta, muhimman rubuce-rubuce kuma a buga su a takarda.

Daga ƙarshe, Shugaba, ga inda mu ke jin tsoro. Ƙungiyar ɗalibai duk shekara sai ta sake shugabanni. Wanda ya iya kwamfuta a bana, baɗi yana bautar ƙasa a wata jiha mai nisa, ya sake lambar waya, takardar tunatarwa kuma tana zuwa akwatin imel ɗin da ba mai buɗewa. Don haka mu ke roƙon a yi rajistar da sunan ƙungiya, da imel na ƙungiya, ba na wani ɗalibi ba komai amanarsa. Mutum uku su san kalmar sirri, ɗaya daga cikinsu ya kasance dattijo mazaunin gari wanda ba ya shirin kammala karatu ya tafi. A biya kuɗin shekaru da dama a gaba in aljihu ya yarda. A kuma rubuta ranar cikar wa'adi a cikin kundin miƙa mulki, kusa da lissafin ma'aji, yadda sabon shugaba ba zai sa hannu ba sai ya shiga da kansa ya ga makullin yana buɗewa.

A nan za mu dakata, mu saurari tambayoyinku.