Jawabi: Babban gida da samari a lokacin korona

Zancen yau na cutar korona ne da abin da ta jawo wa manyan gidaje.

Ran 19 ga watan Maris 2020 aka samu mutum na farko mai cutar a Nijar. Gwamnati ta ruhe lakkol da masallatai, ta hana taron mutum 50, har na biki da suna. A Yamai an hana hita da dare.

To, babban gida shi kanshi taro ne. Maigida da matansa, ƙannensa da nasu iyali, ga jikoki. In an yi haihuwa, kahin baƙo ɗaya ya shigo lissahi ya kusa cika. Wa za a ce wa ya zauna gida, gwaggo ko kawu?

Samari suka hi shan wuya. Saurayi ya saba da fada, inda ake shan shayi ana hira har dare. A lokacin sai ga shi cikin zaure da ƙannensa, babu lakkol, babu abokai. Abu kaɗan sai faɗa. Ƴan mata kuwa aiki ya ƙaru a kansu: daka, ɗibar ruwa, raino. Littafi ya zauna cikin jaka.

An buɗe masallatai cikin watan Mayu, lakkol kuma ran 1 ga watan Yuni. Amma akwai gidajen da yarinya ba ta koma aji ba, don an riga an karɓi goron aurenta.